Yadda zaka saki waƙa guda ɗaya ta shiga gari, kuma kuɗinta su san hanyar aljihunka

Akwai wani yaro da muka taɓa zama situdiyo ɗaya da shi a Zoo Road a Kano, Allah ya bashi murya, irin muryar nan da ko ba kiɗa in ya ja baiti sai ka ajiye wayarka. Ranar da aka gama masa miksin, wato daidaita murya da kiɗa, wajen ƙarfe biyu na dare murna ta ɗebe shi ya tura wa abokinsa waƙar ta WhatsApp yace ji wannan amma dan Allah kar ka ba kowa. Kafin la'asar washegari waƙar tana wajen masu tura waƙoƙi a kasuwar waya ta Farm Center, kwana uku wani shafi da bai san mai shi ba ya ɗora ta a YouTube da hoton wata jaruma, sati biyu ana kaɗa ta a adaidaita sahu. Kowa ya san waƙar, shi kuma ko kuɗin situdiyon bai gama biya ba. Wannan abun shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda ake yi daki daki, dan waƙa ta cika gari daban, ta kawo kuɗi daban, kuma yawancin abinda ke raba biyun nan ana yinsa ne tun kafin ranar sakin.

Na farko, takarda kafin komai

Na san abun zai maka nauyi, mai kiɗan abokinka ne, tare kuke cin gurasa, ya za'ai ka kawo masa takarda. Toh ka kawo. Yau da waƙar bata kawo ko sisi ba shine lokacin da magana take da sauƙi, ranar da alat ya fara shigowa kowa zai tuna gudummawar da ya bayar har wanda ya siyo ruwan leda.

Ku zauna ku rubuta waye ya rubuta baitoci, waye ya yi kiɗa, waye ya rera, wacece ta yi amshi. Sannan ku rubuta kowa kashi nawa yake da shi cikin ɗari, ko kuma in sallamarsa kayi gaba ɗaya a rubuta cewa an biya shi kaza kuma ba shi da sauran haƙƙi. Kowa ya sa hannu da kwanan wata, a samu shaida ɗaya ko biyu, kowa ya ɗau hoton takardar a wayarsa. Mawaƙiyar da ta maka amshi musamman, mutanenmu sun saba a bata kuɗin mota a ce an gode, bayan nan muryarta ce ake yanka ana rawa da ita a TikTok, sai rigima ta tashi.

Ka gane akwai haƙƙi iri biyu a waƙa ɗaya. Akwai haƙƙin ita kanta waƙar wato kalmomi da karin, akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa wanda ake cewa masta. Kana iya mallakar ɗaya ka rasa ɗaya. In wani ne ya biya kuɗin situdiyo to a yi maganar mastan a fili tun yanzu, nasa ne ko naka ne ko rabawa zakuyi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya sabuwa ce, ta 2022 wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare aikinka tun daga lokacin da ka naɗe shi, amma in an je gaban hukuma abinda za'a tambaye ka shine ina shaida.

Wani abu kuma da ke kashe yara da yawa, kiɗan da aka sauke daga YouTube wai kyauta ne. Mafi yawansu kyautar iyakarta ka gwada muryarka, in zaka sayar sai ka sayi izini. Ka ɗora waƙa akan irin wannan bit ɗin, na'urar YouTube da ke gane sauti ta kama, kuɗin tallan ya tafi wajen wani bawan Allah a wata ƙasa, kai kuma kana nan kana ƙirga masu kallo. In kana Kano kuma kar ka manta da hukumar tace fina-finai da aka kafa tun 2001, mawaƙa ma suna ƙarƙashinta, ka je ka ji sharuɗɗansu na rajista da na bidiyo kafin ka kashe kuɗin ɗauka, kar sai ka gama a ce wani waje bai wuce ba.

Na biyu, sautin da hoton bango

Ka karɓi waƙarka daga situdiyo a WAV, wato fayil ɗin sauti cikakke da ba'a matse ba, ba wadda aka turo ta WhatsApp ta matse ta ba. Ka je da filashi ko a sa maka a Google Drive. Ka karɓi guda uku, cikakkiya, da kiɗan zalla ba murya dan ranar da zaka hau dandali, da muryar zalla. Situdiyo kwamfuta tana mutuwa, mai kiɗa yana komawa Abuja, kar ka dogara da cewa ai tana wajensa.

Kafin ka yarda an gama miksin ka fita daga ɗakin sanyin nan mai manyan sifiku. Ka ji ta a ƙaramar itel, ka ji ta a ƴar sifikar bulutut ta mai shayi, ka ji ta a mota. Mutanenka a nan zasu ji ta. In kalmomin basa fita a ƙaramar waya to a koma a ɗaga murya, dan mai sauraron Hausa baiti yake bi, in bai ji me kace ba ya wuce. Kuma dan Allah a rage doguwar shimfiɗa, kiɗa na ta tafiya kusan minti ɗaya ana kiran sunan situdiyo da na mai gida da na unguwa kafin a fara waƙa. Spotify sai mutum ya saurari daƙiƙa 30 ake ƙirga maka shi a matsayin sauraro ɗaya, in ya gaji ya tsallake kafin nan ka tashi a tutar babu. Gaisuwar a kai ta ƙarshe.

Hoton bango murabba'i ake so, fiksel 3000 da 3000, mai haske. Kar a cika shi da lambar waya da sunan shafinka na Instagram da tambarin wasu manhajoji, kamfanonin rarrabawa, wato masu ɗora maka waƙa a manhajoji irin Spotify, suna dawo da irin wannan. Sunanka da sunan waƙa sun isa.

Sunanka kuma ka tsayar da rubutu ɗaya. Ba yau ka rubuta shi da harafi biyu gobe da ɗaya ba, sai a buɗe maka shafi biyu masu sauraro su rabu. Ka bincika ko akwai wani mai irin sunan kafin ka ɗora. Sunan waƙa ya zama gajere wanda yake cikin amshi, dan mutum abinda kunnensa ya riƙe shi zai rubuta a wajen nema, kuma ka tuna yawancin mutane basa sa ƙugiya a waya, "kauna" zasu rubuta, so a bayanin bidiyonka ka sa rubutun iri biyun.

Na uku, ɗora ta a inda ake biya

Spotify da Apple Music da irinsu baka ɗora waƙa kai tsaye, sai ta hannun kamfanin rarrabawa. Sanannu sune DistroKid da TuneCore da CD Baby, akwai wasu ma. DistroKid kuɗin shekara kake biya ka ɗora iya son ranka, CD Baby kuma kowace waƙa ka biya sau ɗaya sannan su riƙa cire kasonsu. Wanda zai saki waƙa ɗaya a shekara lissafinsa daban da mai sakin goma. Ka karanta me zai faru da waƙoƙinka in shekara ta zagayo baka sabunta ba, wasu sauke su akeyi. Da dala ake biya, so ka tanadi katin da yake wucewa, kuma tun kafin ka zaɓa ka duba ta wace hanya suke turo kuɗi, Payoneer ne ko banki, kar kuɗi su taru ka rasa yadda zaka cire.

Abu mafi muhimmanci anan, akawun ɗin ya zama da imel ɗinka da lambar wayarka. Na ga waɗanda suka ba wani "mai harkar intanet" ya ɗora musu a nasa akawun, shekara biyu duk abinda ya shigo wajensa yake zuwa, in sun tambaya yace ai ba'a fara biya ba. In dole sai wani ya taimaka maka to ya zauna kusa da kai ya nuna maka a wayarka, fasuwod kuma kai kaɗai.

Wajen cike fom za'a tambayi sunan marubuci na gaskiya, da furodusa, da harshen waƙar, ka zaɓi Hausa in akwai. Zasu baka wata lamba mai suna ISRC, haruffa da lambobi 12, ita ce kamar lambar motar waƙarka, ka kwafe ta ka adana, in ka canza kamfani wata rana da ita zaka tafi dan kar a fara maka ƙirge daga sifili. Ka kuma tabbatar ka zaɓi a kai sautin TikTok da Instagram da Facebook, wannan wajen kar ka kuskura ka tsallake shi.

Ka ɗora aƙalla sati uku zuwa huɗu kafin ranar da kake so ta fito. Dalili, Spotify tana da shafin mawaƙa inda zaka gabatar da waƙar ga masu haɗa jerin waƙoƙinsu, kuma suna so ayi haka aƙalla kwana 7 kafin fitowa, waƙar da ta riga ta fita ba'a gabatar da ita. Ba lallai su ɗauka ba amma kyauta ne, minti goma ne.

Yanzu gaskiyar magana, Spotify sai a 2021 ta shigo Najeriya kuma a arewa ba ita ce a gaba ba. Mutanenmu YouTube da Audiomack da Boomplay suka fi sani. Boomplay tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun daga kwali, Audiomack kuma da kanka zaka buɗe shafi ka ɗora kyauta, mutum ya sauke ya ji ba data. Toh nan zaka fi sa ƙarfi, sauran kuma ka barsu dan ƴan uwanmu na Saudiyya da Turai da Amurka, su ɗin ba yawa garesu ba amma sauraronsu ya fi tsada.

Na huɗu, zaɓen rana

Tun 2015 duniya ta tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin sabbin waƙoƙi, jerin waƙoƙin manhajoji ma ranar ake sabunta su, so in kana neman shiga can Juma'a ce. Amma kalandarmu ta fi wannan muhimmanci. Waƙar soyayya ko ta rawa a cikin azumi asarar kuɗi ce, ba mai kunna ta, wasu ma zagi zaka sha. Sallah ƙarama da babba kasuwa ce amma manya duk a nan suke saki, in kai sabo ne zasu danne ka, ni a ganina gara ka bari sati biyu bayan sallah lokacin da kunne ya fara neman sabon abu kuma bukukuwa sun kankama. Ka kuma kauce wa satin zaɓe da ranar da aka yi wani babban rashi, in abu ya faru ka ɗaga, ba wanda zai kama ka.

Na biyar, ɗanɗano kafin fitowa

Nan ne aikin yake. Ka nemo daƙiƙa 15 zuwa 30 mafi daɗi a waƙar, ba lallai farkonta ba, wajen da in an ji baki zai kama da kansa. Kwana goma kafin rana ka fara sakin wannan gutsuren, kai kana rerawa a situdiyo, kana rerawa a bakin titi, kana rerawa ba kiɗa. Gutsure kawai, cikakkiyar ko mahaifiyarka ce ta tambaya ka kunna mata a wayarka kar ka tura.

Ka duba wane irin bidiyo mutane zasu iya yi da wajen. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker a 2020 lokacin kullen korona abinda ya ɗaga ta sama shine matan aure da suka riƙa ɗaukar bidiyo suna rawa a gaban mazajensu, aka yi ta cece-kuce, masu yabo na yi masu suka na yi, waƙar kuma tana ƙara tafiya. Abun lura shine mutane sun samu abinda zasu yi da waƙar, ba saurare kawai ba. Taka fa, ta amarya ce da za'a sa a bidiyon kamu, ko ta habaici ce da za'a sa a sitatus dan wata ta gani, ko ta uwa ce? In ka san amsar ka san waɗanda zaka nema.

Masu folowas da yawa suna karɓar kuɗi su hau waƙa, ba laifi, amma kar ka zuba duk kuɗinka wa mutum ɗaya. Goma ƙanana da mutanensu ke yarda dasu sun fi babba ɗaya da zai yi bidiyo ɗaya ya goge bayan kwana biyu. Ku yi magana a rubuce, bidiyo nawa, wace rana, kuma da sautinka na asali zasu yi ba wanda suka naɗa da kansu ba, in ba haka ba ƙirgen yana tafiya wani wajen. Rabin kuɗi kafin, rabi bayan.

Na shida, ranar da kwana bakwai na farko

Linki ɗaya zaka yaɗa wanda ya haɗa duk manhajojin. Bidiyon YouTube in babu kuɗin babban bidiyo kayi na baitoci, rubutu yana tafiya akan hoto, ya wadatar a farko, in waƙar ta nuna alamar tafiya sai ka kashe kuɗin ɗauka. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su sayar da babur suyi bidiyo wa waƙar da ba'a gwada ba.

Sannan ka taka da ƙafarka. Masu DJ na biki su ne rediyon gaskiya a garuruwanmu, ka kai musu da kanka, ka gaishe su, in da hali ka musu wani gutsure da ka ambaci sunansu. Gidajen rediyo irin Freedom da sauran na FM ka nemi masu shirin waƙoƙi ka ji tsarinsu. Masu tura waƙa a kasuwa kuma, tunda ko ka so ko ka ƙi zasu samu, gara bayan kwana biyu uku ka basu mai kyau wadda sunanka da hotonka ke jiki, su ba kuɗi zasu baka ba amma su ke kai ka ƙauyen da data bata isa. Kar ka manta da Maraɗi da Damagaram da Yamai da zangon Kumasi da Accra, in kana da wani a can ka tura masa linki ya watsa a guruf.

Duk wanda ya maka kwament a satin nan ka amsa. Wanda yayi bidiyo da sautinka ka sake ɗorawa ko folowas ɗinsa hamsin ne.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka sayi masu kallo. Za'a zo maka inbox ace dubu ɗari akan kuɗi kaza. Na'ura ce ba mutane ba, manhajojin suna ganewa, suna iya sauke waƙar ko su riƙe kuɗinka, kuma ko basu kama ka ba ka ɓata wa kanka lissafi, baka san waye ke jinka da gaske ba.

Na bakwai, karanta yadda kasuwa ta karɓe ta

Ranar farko ba ma'auni bace, ƴan uwa da abokai ne. Sati na biyu zuwa na shida zaka duba. Ka shiga YouTube Studio ka ga a wane daƙiƙa mutane ke fita, ka ga daga ina suke zuwa, in kaga masu rubuta sunan waƙar da kansu suna nema suna ƙaruwa to magana ta fara yawo a baki. A TikTok yawan bidiyon da aka yi da sautin ya fi yawan laik ɗinka ma'ana. A waje kuma alamomin kowa ya sansu, ka ji ta a adaidaita sahun da baka san direban ba, ka ji yara suna rera amshin da kuskure, a kira ka a tambayi nawa kake zuwa biki. Akwai jadawalin TurnTable da ake fitarwa duk sati tun 2020 mai haɗa alƙaluman manhajoji da rediyo na Najeriya, ka riƙa leƙawa, amma waƙar Hausa tana iya riƙe arewa gaba ɗaya bata fito a can ba saboda yawancin jin namu a memori da Xender yake, ba mai ƙirga shi.

In shiru kayi wata biyu kar ka goge ta. Love Nwantiti ta CKay a 2019 ta fito, sai a 2021 TikTok ya ɗauke ta ta zagaye duniya. Ka gwada wani gutsuren daban, wani lokacin baitin da kai ka raina shi mutane ke so.

Na takwas, kuɗin

YouTube sai ka kai sabsikiraiba 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin a fara raba kuɗin talla da kai, ko kuma sabsikiraiba 1,000 ɗin da kallon gajerun bidiyo miliyan 10 cikin kwana 90. Bayan nan zasu aiko maka da lambar sirri ta gidan waya dan tabbatar da adireshi, so ka sa adireshin da wasiƙa zata iya zuwa, ba "bayan masallaci kusa da mai nika" ba. Sai kuɗi sun kai dala 100 suke turowa, wajen 21 ga wata. Ka cike fom ɗin harajin Amurka da zasu nuna maka, Najeriya bata da yarjejeniyar haraji dasu so zasu cire kashi 30 daga abinda masu kallo na Amurka suka kawo kawai, in kuwa ka ƙi cikewa suna iya cira daga kuɗin gaba ɗaya. Spotify kuma tun 2024 waƙar da bata kai sauraro 1,000 a shekara ba bata samun komai. Rahoton kamfanin rarrabawa yana makara wata biyu zuwa uku, kar ka tada hankalinka in ka duba a watan farko kaga sifili.

Kayi rajista da MCSN masu karɓo wa mawaƙa kuɗin kunna waƙa a rediyo da talabijin da wuraren taro, in a Nijar kake BNDA ce. Ka tambayi kamfanin rarrabawarka maganar sa waƙar a tsarin gane sauti na YouTube, da shi ne duk shafin da ya ɗora waƙarka kuɗin tallan zai dawo wajenka maimakon ka bi su ɗaya ɗaya kana roƙo su sauke. Akwai kuma waƙar kira ta layukan waya, ita ta hannun wasu kamfanoni ake shiga, ka karanta kason da kyau dan hannaye da yawa ke taɓawa kafin ya iso ka.

Amma kar in yaudare ka, talla akan mai kallo daga Kano ko Zinder kuɗinsa kaɗan ne. Mawaƙin Hausa mafi yawan abinda yake samu daga biki ne da liƙi da wasan sallah da waƙar da ake sa shi yayi wa amarya ko ɗan kasuwa ko ɗan siyasa. Waƙar da ta tafi ita ke ɗaga farashinka a waɗannan wuraren, so tun ranar saki a samu lamba ɗaya ta aiki a duk shafukanka da mutum ɗaya mai ɗagawa da ladabi, ka tsayar da farashi, a biya rabi kafin ka tashi daga gida.

In kuma wani kamfani ya kira yace zai baka kuɗi a dunƙule ya karɓi waƙar, ka tambayi abu uku kafin murna, shekara nawa, mastan na waye bayan nan, kuma kuɗin kyauta ne ko bashi ne da za'a cire daga kasonka. Kusan kullum bashi ne. Ka karɓi takardar kace zaka dawo jibi, ka kai wa lauya ya karanta, kuɗin lauyan bai kai na ɗaukar bidiyo ɗaya ba. In suka ce sai dai ka sa hannu yau yau, ka ɗau hularka.